Lissafin Ƙwai a Tsibirin Unst

Babana Lowrie yana da kalanda a bayan ƙofa,
duk wata biyu da'ira ja, da biron da ba ya bari a taɓa.
Ranar da'ira, ko teku na dukan dutse kamar mai bin bashi,
sai ya cika aljihun kwat da sirinji goma sha ɗaya,
ya bi gajerun dawakinmu ɗaya bayan ɗaya:
yatsa a gefen baki, farin magani a kan harshe,
ya tallafe haɓa har sai an haɗiya.
Shekara talatin bai tsallake wata ba.
"Rigakafi," yakan ce, ya bar wa iska sauran maganar.

Sai ƙarshen sanyin bara,
lokacin da rana ke leƙowa ta koma kamar mai jin kunya,
Mootie, 'yar duƙushiya mai gashin tunkiya,
ta fara zawo.
Gashi ya ɓoye mana ramarta.
Sai da na nutsa hannu na ji haƙarƙari
jere kamar haƙoran mataji.
Na ɗaga leɓenta, dasashi fari fat, kumfar teku.
Kwana huɗu.
A na biyar muka haƙa ƙasar da ke ƙin shebur.

Likita Brenna Mouat ta zo a jirgin fito na safe.
Ta ce jajayen tsutsotsi ne, siraran zare,
sukan lafe a bangon hanji duk tsawon sanyi,
su farka tare, kamar an kaɗa musu ƙararrawa.
Babana ya ciro kalanda ya shimfiɗa a tebur,
shaidarsa ke nan.
Ta bi da'irorin da yatsa, ta daɗe.
"Kun kashe raunana," ta ce a hankali,
"masu taurin kai suka gaji gidan.
Wannan maganin yanzu ruwan sha ne a wurinsu."

Shayinsa ya huce a kofi.
Bai sha ba, bai zubar ba.

Yanzu ni ke bin su da asuba,
leda a hannu, ina jiran a ɗaga wutsiya,
ni da na yi karatu don kada in taɓa kashi.
In ɗebi mai ɗumi, in rubuta suna,
in aika Lerwick, inda madubi ke ƙirga abin da ido ya rasa.
Amsa ta dawo:
Shalder, babu. Tirrick, hamsin.
Tsohuwar goɗiyar da muke zargi, wadda ƙashinta ke tsaye, babu.
Bonxie kuwa, mai ƙiba, mai sheƙi,
wadda baƙi ke tsayar da mota don hotonta,
dubu da ɗari biyu.
Ita ke shuka wa kowa, tana kaɗa geza.

Ita kaɗai muka kama.
Igiyar awo a ƙirji, ba kintace da ido ba,
wani magani daban, daidai nauyinta.
Bayan mako biyu, wata leda, wani jira.
Masu barci a bangon hanji, da ba sa aiko ƙwai a ƙirga,
su kuma alƙawarinmu da su farkon sanyi.

Babana ya sayi baro.
Talata da Asabar yana tsince kashi daga fili,
ya sunkuya, ya miƙe, gwiwa na ƙara,
iska na neman raba shi da hularsa.
In dawaki sun tashi ya koro tumaki,
su share ciyawar, tsutsar ta faɗa cikin da ba nata ba.

Kalanda na nan a bayan ƙofa,
lambobi ne yanzu, da fensir, don a iya gogewa.
A gindin katangar dutse, inda ciyawa ta fi duhu,
yakan ajiye baro ya daɗe yana gyara safar hannu,
alhali ba abin da ya same ta.